Yadda Ake Duba da Canza Boris ɗin Taya a Tsohuwar Hiace

Tsohuwar Hiace, samfurin da Toyota ta yi ta ƙerawa daga 1989 zuwa 2004, har yau ita ke ciyar da gidaje da yawa. Tana jigilar fasinja daga tasha zuwa tasha, tana kai burodi da ruwan leda shaguna, tana kwaso buhunan albasa daga kasuwannin ƙauye. Masu ita suna kula da inji, suna juyen mai a kan lokaci, amma boris ɗin taya, wato zoben nan mai 'ya'yan ƙarfe da taya ke juyawa a kansa, ba a tuna shi sai ya fara kuka. Alhali duk nauyin motar da lodinta a kansa suke juyawa, kuma idan ya ƙone a kan gudu yana iya kame taya, ko ya sake ta gaba ɗaya ta fice alhali fasinja na cikin mota.

Bayanin nan ya shafi mai jan baya, wadda ita ce ta cika titunanmu. Kowace tayar gaba tana da boris biyu, babba a ciki, ƙarami a waje, kuma 'ya'yansu masu tsukakken kai ne, suna gudu a kan zoben ƙarfe da aka dasa cikin hob, wato cibiyar ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinta. Irin wannan ana buɗe shi, a wanke, a cika giris, a saita shi da noti. Hiace ɗin da ta biyo bayanta daga 2004, wadda ake ce wa Homa, nata na gaba a rufe yake zuwa, ba a cika masa giris, ba a saita shi, idan ya mutu sai canji.

Ka fara tabbatar da cewa shi ne

Kukan boris gurnani ne mai kama da ƙarar jirgin sama daga nesa. Yana ƙaruwa da gudun mota, ba ruwansa da ƙarar inji. Ka sami titi mai kyau wanda ba cunkoso, ka kai gudun da kukan ya fi fitowa, sai ka taka kuloci. Idan gurnanin yana nan yadda yake, zargi ya koma kan taya ko boris. Idan kuwa yana sauyawa sa'ad da ka ba ta wuta ko ka ɗaga ƙafa, ka fi zargin giyar aksul ɗin baya.

Daga nan ka ɗan karkata sitiyari hagu da dama a hankali. Karkatawa hagu tana jefa nauyi a ɓangaren dama, don haka idan kukan ya ƙaru a lokacin, galibi na dama ne ya gaji. Tayar da ta ci gefe ma tana gurnani, sai dai nata yana canzawa idan ka tashi daga kwalta mai laushi ka hau mai kaushi, na boris kuwa ba ya damuwa da irin titin.

Ka dawo gida ka ɗaga tayar da kake zargi. Kama ta sama da ƙasa ka girgiza. Idan ka ji tana wasa, sa yaronka ya taka birki ya riƙe, ka sake girgizawa. Wasan ya ɓace? Boris ne. Yana nan? To boljoyin ne, wato gaɓar da ƙafar taya ke juyawa a kanta, kuma canza boris ba zai raba ka da shi ba. Wasan da kake ji idan ka kama ta hagu da dama kawai, yawanci na tayarod ne, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya. Sannan ka juya tayar da hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan ƙarfen da ke riƙe da ita ta baya. Boris ɗin da ya ci zai aiko maka da ɗan karkarwa ta cikin ƙarfen tun kafin kunne ya ji.

Zafi ma shaida ne. Bayan doguwar tafiya ka kusantar da bayan hannunka tsakiyar kowace taya, ka gwada hagu da dama. Wadda ta fi 'yar'uwarta zafi sosai tana da magana, ko dai boris ko birkin da ya kame bai saki ba.

Sayen kaya

Kada ka je kasuwa da baki kawai. A jikin kowane boris akwai lamba da aka zana, a jikin zoben ma haka, kuma Hiace ɗin nan iri-iri ce, don haka ko dai ka tafi da tsohon a hannu ko ka kwafi lambar. A Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za ka tarar da kaya hawa-hawa. Sunayen da aka sani su ne Koyo, NSK, NTN da Nachi daga Japan, sai Timken na Amurka da SKF na Suwidin. Matsalar ita ce jabu ma sunayen nan suke ɗauka, kwali ya yi kyau, ƙarfen ciki kuwa ba a gasa shi yadda ya kamata ba. Ka duba rubutun jikin ƙarfen ko ya fito tsaf, ka shafa hanyar da 'ya'yan ke bi ko sumul take, ka guji wanda farashinsa ya faɗi ƙasa warwas. Araha ba ta ado. Ni shawarata, ka riƙe mai shago ɗaya da ka yarda da shi, wanda zai gaya maka gaskiya cewa wannan na ɗaya ne, wannan na biyu. Boris ɗin gwanjo kuwa ban ga dalilin sa shi a motar da ke ɗaukar rayuka ba.

Abin da za ka saya wa kowace taya: boris na ciki da zobensa, na waje da zobensa, sabon oyil sil (zoben roba mai hana giris fita da ruwa shiga), sabon fin mai baki biyu na kulle noti, da giris na boris mai jure zafi, wanda aka rubuta NLGI 2 a gwangwaninsa. Ka sayi rufaffen gwangwani. Wanda ake ɗiba a buɗaɗɗen bokiti a bakin titi ya riga ya sha ƙurar hunturu, yashi kuwa shi ne babban abokin gabar boris. Kuma kada ka gauraya giris iri biyu, domin wasu idan sun haɗu sukan tsinke su zama ruwa.

Kayan aiki ba su da yawa: jak, ƙafar ƙarfe ta tokare mota, sifanar taya, akwatin sifanu, filaya, sukundireba mai faɗin baki, guduma, sandar tagulla ko ƙarfe mai laushi, waya, kananzir, buroshi, da tsummoki masu tsabta. Idan kana iya aron sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ka ara.

Kwancewa

Ajiye motar a wuri mai tauri wanda ba gangara, ja birkin hannu, sa weji a tayoyin baya. Sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga, ka sa ƙafar ƙarfe a ƙarƙashin wuri mai ƙarfi, ka sauke nauyin a kanta. Jak na ɗagawa ne kawai. Bulo da duwatsun da ake jerawa suna fashewa ba sallama, kuma an yi asarar hannaye da rayuka ta wannan hanya. Tayar da ka cire ka tura ta ƙarƙashin motar a kwance, ƙarin kariya ce.

Kwance kan birki, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, ta notoci biyun da ke bayansa, ka ɗaure shi da waya a sama. Kada ka bar shi yana lilo a jikin tiyon man birki. Tiyon yana iya tsagewa ta ciki ba ka gani ba. Cire ƙarfen da ke riƙe da shi, faifan birki ya fito fili.

A tsakiyar hob akwai hular ƙarfe. Sa bakin sukundireba a gefenta kana ɗan bugawa kana zagayawa har ta fito ba ta lanƙwashe ba. A ƙarƙashinta za ka ga fin, da murfin kulle mai haƙora, da noti, da washa mai ɗan harshe da ke shiga tsagin sandar. Miƙe fin ɗin ka zare, cire murfin, kwance notin. Ka lura da yadda notin ya kwance: a ƙa'ida kusan da yatsu ya kamata ya fito. Idan sai da ka sa ƙarfi, wanda ya yi aikin baya ya matse shi fiye da kima, kuma ka riga ka san abin da ya kashe boris ɗin.

Jawo hob ɗin kaɗan ka mayar, boris na waje da washa za su leƙo, ka tare su da hannu kada su faɗi a ƙasa. Zare hob da faifansa gaba ɗaya, kife shi a kan katako ko kwali mai tsabta, ɓanɓare oyil sil na baya, ka ɗauke boris na ciki. Idan gefe biyu kake yi, kada ka cakuɗa kayan hagu da na dama, domin kowane boris ya saba da zobensa.

Wanki da dubawa

Wanke komai da kananzir da buroshi: boris biyun, cikin hob, sandar da suke hawa, noti, washa da hula. Fetur yana wanki amma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Tsohon giris ɗin ma ka dube shi kafin ka zubar. Idan ya yi fari-fari ko ya yi tsatsa, ruwa ya shiga, abin da ke yawan faruwa ga motar da ke kutsawa cikin kududdufai da damina da hob mai zafi. Idan yana ƙyalli da garin ƙarfe, magana ta ƙare. Bayan wanki ka bar su su bushe. Masu injin iska kan hura boris yana juyawa a bushe yana fito don daɗin ji. Wannan yana ƙwarzane shi, wani lokaci ma ya tarwatse a hannu.

Ɗauki boris ɗin ka fita haske, ka juya 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Lafiyayye launinsa toka-toka ne mai sheƙi iri ɗaya. Ƙananan ramuka, ɓarewar fatar ƙarfe, launin shuɗi ko ruwan ƙasa na ƙuna, kejin da ya lanƙwashe, kowanne daga ciki ya isa a yar da shi. A jikin zoben kuma ka nemi layuka a tsaye masu tazara iri ɗaya da tazarar 'ya'yan. Wannan tambarin dukan ramuka ne da lodin da ya wuce kima. Ka bi da farce, idan farcen ya maƙale a wani wuri, canji ya wajaba. Sandar ma ka shafa ta, musamman ƙasanta inda boris ke zama da inda leɓen oyil sil ke gogawa. Idan ta ci har ta yi mataki, ko zaren notin ya lalace, sabon boris ba zai daɗe a kanta ba.

Idan duk lafiya lau ne, sabon giris da sabon oyil sil sun wadatar, ka tsallake zuwa cikawa.

Canza zobe

A nan ne ake yawan yin ha'inci. Cire zoben yana da ɗan wahala, sai a bar tsohon a ciki a ɗora masa sabon boris. Tsohon zobe ya riga ya ci daidai da tsofaffin 'ya'ya, sababbin za su hau hanyar da ba tasu ba, cikin ɗan lokaci kukan ya dawo. Idan kai ne mai motar kuma wani ke yi maka aikin, ka ce a nuna maka tsofaffin zobba biyu a hannu.

Leƙa cikin hob bayan ka goge shi, za ka ga ƙananan tsagogi a bayan kowane zobe inda aka bar wa sanda wurin bugu. Sa sandar tagulla a tsagi ɗaya ka buga, koma ɗaya gefen ka buga, haka-haka har ya fito a miƙe. Idan ka dage wa gefe ɗaya zai karkace ya ƙwarzane mazauninsa. Goge mazaunin, shafa ɗan mai, ɗora sabon zoben da faffaɗan bakinsa yana kallon waje. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ka ɗan goge gefen tsohon zoben da dutsen injin washi don kada shi ma ya maƙale, ka ɗora shi a kan sabon, ka riƙa bugawa kana zagayawa. Ka saurari ƙarar: tana fara fitowa a dushe, da zarar zoben ya zauna a ƙasa sai ta koma tsantsar ƙarar ƙarfe. Juya hob ɗin ka leƙa ta baya ka tabbata babu rata ko kaɗan. Guduma kada ta taɓa hanyar da 'ya'yan ke bi.

Idan sabon zobe ya faɗa mazauninsa da hannu yana juyawa, hob ɗin ya buɗe. Wasu kan sassara mazaunin da ƙusa don ya kama, ko su cusa guntun gwangwani. Zai kai ka gida, amma hob ɗin na canji ne.

Cika giris

Shafa giris a bayan boris ba cikawa ba ne. Wanke hannunka, ɗebo giris cike da tafin hagu, riƙe boris ɗin da dama, faffaɗan gefensa a ƙasa. Danna bakinsa cikin giris ɗin kana karta shi a tafinka, kana maimaitawa a wuri ɗaya har ka ga giris ya ɓullo ta sama tsakanin 'ya'yan. Sai ka juya kaɗan ka ci gaba, har ka zagaye shi duka. Yana cin 'yan mintuna, kuma su ne mintunan da suka fi amfani a duk aikin. Shafa wa zobban, ka sa wani a bangon cikin hob tsakanin boris biyun, amma kada ka cusa har ya toshe; giris ɗin da ya yi yawa yana tara zafi, ya turo oyil sil, ya zubo kan birki.

Sa boris na ciki, ɗora sabon oyil sil da leɓensa yana kallon ciki wajen giris, ka buga shi a hankali da katako mai faɗi har ya yi daidai da bakin hob. Shafa ɗan giris a leɓen. Goge faifan birki tas, ko ɗigo kada ya rage a kansa. Mayar da hob a kan sandar a miƙe don kada zare ya yanki sil ɗin, sa boris na waje, washa da harshenta a tsagi, sannan noti.

Saitin noti

Duk wahalar da ka sha a baya, a nan take tsira ko ta lalace. Wannan notin ba a ɗaure shi irin ɗaurin notin taya. Aikinsa ya tsayar da boris biyun a inda babu wasa kuma babu matsi. Idan ka matse, 'ya'yan za su kore giris daga ƙarƙashinsu, ƙarfe ya hau ƙarfe, zafi ya tashi, kafin ka je Zariya daga Kano hob ya fara hayaƙi. Idan ka bar shi sako-sako, taya ta riƙa rawa, ta ci gefe, birki ya riƙa yin nisa.

Da farko ɗaure notin da sifana zuwa kimanin Nm 30 (Nm shi ne ma'aunin da sifana mai auna ƙarfin ɗauri ke nunawa), kana juya hob ɗin gaba da baya a lokaci guda. Wannan ɗaurin na zaunar da kaya ne kawai, ya matse giris ɗin da ya yi yawa. Sai ka sassauta har notin ya saki gaba ɗaya, ba tare da ka motsa hob ba. Yanzu mayar da shi da yatsu, ko da kan sifana riƙe a tafin hannu ba tare da dogon hannunta ba, har ka ji ya taɓa ya tsaya. Juya hob: ya kamata ya tafi sumul da ɗan nauyin giris da sil. Girgiza shi: bai kamata ka ji ƙwas-ƙwas ba. Ratar da ake nema a irin wannan boris ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Wata tsohuwar dabara ita ce ka sa bakin sukundireba a gefen washa ka tura da ƙarfin yatsu kawai; idan ta ɗan gusa da ƙyar, kana kusa da daidai, idan ta kafe kam, ka matse da yawa. Littafin gyaran Toyota yana auna wannan da ƙaramin sikeli mai ƙugiya da ake maƙalawa a kusar taya a ja, kuma wanda ya sami littafin samfurin motarsa ya bi adadin da ke ciki.

Ɗora murfin kulle ka nemi inda haƙoransa suka yi daidai da ramin fin. Idan bai yi ba, cire shi ka juya shi wani zama, an yi shi ne don haka. Kada ka ƙara matse noti don neman rami. Sa sabon fin, ka buɗe ƙafafunsa ka lanƙwasa. Ƙusa ko guntuwar waya ba sa maye gurbinsa, domin wannan ɗan ƙarfen shi kaɗai ke hana notin kwancewa. Sa ɗan giris a hula ka mayar da ita. Hular da ta fashe ko ta ɓata a nemo wata, leda da ƙyalle ba sa tare ruwa.

Mayar da birki ka ɗaure notocinsa da kyau, sa taya, sauke mota, ɗaure notocin taya a gicciye zuwa kusan Nm 100. Kafin ka motsa, taka birki sau da yawa har ya yi tauri. Yi 'yar tafiya ta kilomita goma, tsaya ka ji zafin hob. Ɗumi ba laifi, zafin da hannu ba ya iya kusanta kuwa alamar matsi ne, ka koma ka sake saiti. Bayan kwana biyu na aiki ka sake ɗagawa ka girgiza, saboda sabon zobe kan ƙara zama.

Motar haya da ke bin hanyoyin ƙauye, a ganina, a buɗe mata boris na gaba duk lokacin da za a canza birki, da kuma bayan damina ta ɗauke. Ko ba ta yi kuka ba kada a bar ta ta wuce kilomita 40,000 da giris ɗaya.

Na baya

Boris na baya labarinsa daban. Yana kan sandar aksul ne, an danna shi da injin matsa, an kuma danna masa zoben ƙarfe da ke riƙe shi. Ba shi da notin saiti. Alamarsa gurnani daga baya, ko man giya da ke jiƙa cikin gangar birki da bayan taya. Abin da za ka iya yi da kanka shi ne ka cire gangar, ka kwance bututun man birki da wayar birkin hannu, ka kwance notoci huɗun da ke bayan farantin birki, ka zaro sandar a miƙe. Daga nan kai ta wurin mai injin matsa. Kada ka yarda a fitar da boris da dukan guduma ko a ƙona shi da wutar walda a kan sandar, zafin yana raunana ƙarfen. Zoben riƙon sabo ake sawa kowane lokaci, domin da ƙarfin kamunsa sandar ke zaune a wurinta, wanda aka taɓa cirewa kuwa ya riga ya saki. Canza oyil sil na bakin bututun aksul, ka kuma duba ɗan bututun numfashi da ke saman aksul ɗin. Idan laka ta toshe shi, iska mai zafi za ta sake turo mai ta sabon sil. Bayan an haɗa, a fitar da iska daga birki, a cika man giya mai lamba GL-5 har bakin ramin cikawa, sannan a gwada birkin hannu a gangara kafin a ɗora lodi.